Ina yaranmu za su yi wasa nan da shekara 20?

Ɗan_Gidar:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, kuma ina roƙon manya da masu ilimin abin su sa baki. Duk wanda ya san Gidar, garinmu na arewacin Kamaru, a da ya san yadda gari ya miƙe. Inda ake noman gyaɗa da auduga a bakin gari yanzu gidaje ne, an yanka fuloti an sayar, bulo ya tashi. Alhamdu lillahi, arziki ne. Amma ku zaga sababbin unguwannin nan ku gaya min fili nawa aka bari don yara su buga ƙwallo, ko inuwa nawa aka bari inda dattijo zai shimfiɗa tabarma a watan Afrilu. Masallaci ana bar masa wuri, kasuwa tana ƙwatar wa kanta wuri, makaranta ma ana tunawa da ita. Filin wasa da lambun shan iska kuwa ba su da mai tsaya musu. To da za a ce mu ne za mu zauna mu tsara wa ƙaramin gari irin namu wuraren wasa da hutawa na shekara 20 masu zuwa, da me za mu fara? Kuma wa ya kamata ya riƙe abin, meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, ko lamido ko mu mutanen unguwa?

Koci_Sanda:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka taɓo min inda yake min ciwo. Ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15, kuma filin da muka daɗe muna amfani da shi ba namu ba ne, aro ne. Wata safiya muka zo muka tarar tifa ta juye yashi da duwatsu a tsakiyar fili. Ban ga laifin mai wurin ba, abinsa ne, ya ma yi mana haƙuri da ya bar mu tsawon lokacin nan. Amma yanzu gasar hutu ta Yuli da Agusta sai mu bi layi a fili guda, ƙungiya bayan ƙungiya, wasu sai da tsakar rana suke samun shiga. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi. In ka haɗa da gefen da 'yan kallo za su tsaya, kadada ɗaya ta ishe ka. Kadada ɗaya fa! Gari guda ya kasa ajiye wa kowace babbar unguwa kadada ɗaya?

Alhaji_Mai_Goro:
Ku yi haƙuri, ni dai ban ga wannan a sahun gaba ba. Unguwarmu mata suna bin foraj, wato rijiyar burtsatse, da jarka tun asuba. Wuta ta tafi ta dawo yadda ta ga dama. Hanya da damina mashin ma da ƙyar. A cikin wannan hali za mu je gaban mer, shugaban ƙaramar hukuma, mu ce a yi mana wurin shan iska? Wannan zancen mutanen Yawunde ne. Mu da muka taso babu wanda ya tsara mana filin wasa, kuma ga mu mun girma.

Uwar_Biyu:
Alhaji, ranka ya daɗe, lokacin da kuka taso kowane bayan gida fili ne, kuma ba a cika titi da mashin ba. Yau ɗana in ya fita da ƙwallo a kan hanya yake bugawa, ni kuma ina cikin gida gabana yana faɗuwa duk sanda na ji ƙarar birki. In na hana shi hanya sai ya bi abokansa zuwa mayo, wato kogi, kuma kowa ya san yadda ruwan mayo yake zuwa da damina, ba sallama. Ruwan sha dole ne, ban musa ba. Amma wannan ma maganar rai ce.

Injiniya_Garwa:
Bari in shiga tsakanin Alhaji da Uwar_Biyu, don a ganina ba su saɓa ba kamar yadda suke zato. Foraj in ba a haƙa bana ba, ana iya haƙawa baɗi, ruwan yana nan a ƙasa yana jira. Fili kuwa in aka gina a kansa ya tafi ke nan. Babu mer ɗin da zai rusa gidaje 20 don ya yi wa yara filin ƙwallo, kuma ba shi da kuɗin diyya ko da ya so. Saboda haka matakin farko ba gini ba ne, ba lilo ba ne, ba fulawa ba ce. A ware ƙasar tun tana da araha, a kafa mata born, wato alamar iyaka, a yi mata takarda, a bar ta haka ko da shekara 10 za ta yi ba a taɓa ta ba. Wannan ba zai ci kuɗin foraj ɗin Alhaji ba.

Kuma doka ta ba da hanya. Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ta kawo takardun tsari iri huɗu: PDU na manyan birane, POS wanda yake faɗin abin da za a yi da kowane yanki na ƙasar komin, wato ƙaramar hukuma, sai tsarin sashe, sai PSU, taƙaitaccen tsari ga garin da bai kai ga yin POS ba. A cikin waɗannan takardu ne ake shata cewa nan gidaje, nan kasuwa, nan ba a gini. Sannan dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019 ta sa kafa lambunan jama'a da filayen wasanni da kula da su cikin ayyukan komin. Don haka amsar tambayar Ɗan_Gidar a takarda ita ce meri.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Launin kore a kan taswira ba ya hana kowa gini. Tun dokokin ƙasa na 6 ga Yuli 1974, abin da yake tabbatar da mallaka shi ne titir fonsiye, wato takardar mallakar ƙasa. In komin ba ta bi sawu an sa filin cikin dukiyarta da takarda ba, wata rana wani zai fito da tasa takardar, kuma shi zai yi nasara. Na sha ganin taswira mai kyau a rataye a bango, ka je wurin da aka rubuta lambu ka tarar da shago da gareji.

Ɗan_Gidar:
Injiniya Allah ya ƙara ilimi. Ke nan taswira daban, takardar mallaka daban. Wannan kaɗai ya isa a kai shi gaban konseye, wato kansila, na kowace unguwa.

Baba_Tela:
'Ya'yana, ku bar ni in faɗi abin da idona ya gani. Zamanin Shugaba Ahijo, cikin shekarun 1970, bayan babban farin nan, aka kawo shirin Sahel Vert. 'Yan makaranta aka riƙa fitarwa dashen itace. Mu da muke yara a lokacin kowa an ba shi nasa, kuma in naka ya bushe malamin makaranta zai tambaye ka dalili. Da gwangwani muke ɗebo ruwa. Yawancin darbejiyar da kuke zama a ƙarƙashinta yau a bakin hanyoyi da harabar makarantu, waɗanda suka dasa irinta da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Ba su sha inuwar sosai ba, ku kuka sha. An sake tayar da shirin a 2008, amma ni abin da na lura, dashe ba shi ne wahala ba. Ranar dashe kowa yana zuwa, har da masu ɗaukar hoto. Ranar ban ruwa a watan Maris ita ce ba ka ganin kowa.

Mai_Lambu_Figil:
Baba ya gama magana. Ni sana'ata ke nan, renon itace nake sayarwa, bari in ƙara dalla-dalla.

Itacen da aka dasa a ƙasarmu sai ya tsallake rani biyu zuwa uku da taimakon mutum kafin saiwarsa ta kama. Abokan gabansa uku ne: ƙishi, akuya, da yaro mai karya reshe. In ba ku da kuɗin kewaye da na mai ban ruwa, kada ku sayi dashe ko ɗaya, asara ce. Gara 50 da za su rayu da 1,000 da za a ƙirga a jawabi. Kuma a jira damina ta zauna, ƙasa ta jiƙu sosai, wajen Yuli. Masu dashe a farkon Yuni don ya dace da ranar muhalli, in ruwa ya ɗauke mako biyu sai su rasa rabi.

Batun iri kuma, darbejiya ba ta da na biyu wajen jure wahala, daga Indiya aka kawo ta amma ta zama 'yar gida. Sai dai kada a cika wuri da ita kaɗai, in cuta ta shigo wa iri guda sai ta share duka. A haɗa da maɗaci, yana da jinkiri amma inuwarsa ta jikoki ce, illa a tsare shi daga masu ɓare ɓawonsa don magani. A sa tsamiya, a sa ceɗiya ko durumi inda dattawa za su zauna. Gawo kuma abin mamaki ne, da damina yake zubar da ganye, da rani yake yin kore, wato lokacin da ake neman inuwa yana da ita. Amma yana da ƙaya, kada a sa shi kusa da inda yara ke gudu ba takalmi. Itacen turare kuwa a nisanta shi da rijiya da foraj, shan ruwansa ya yi yawa. Ciyawa irin ta filin Turai ku manta da ita, ruwan da za ta sha a rani ya fi ƙarfin ƙaramin gari. Ƙasa a daidaita ta, a dandaƙe, a yi mata hanyar ruwa, ya wadatar.

Baƙon_Marwa:
Ku zo Marwa ku ga abin da Baba_Tela yake faɗa. Tsofaffin titunan gari darbejiya ce hagu da dama, har rassa suna haɗuwa a sama. Mai gyaran mashin, mai shayi, tela, masu dara, kowa a ƙarƙashinta yake wuni. Ni a wurina wannan shi ne lambun talaka na gaskiya, ba sai ya biya kuɗin mashin ya je wani wuri ba. Sannan da rani yashin Mayo Kaliyawo filin ƙwallo ne kyauta. Don haka a cikin tsarinku ku sa faɗin titi. In aka yanka lungu ƙunci, ko an so dasa itace daga baya babu wurin.

Alhaji_Mai_Goro:
To maganar itace a bakin titi na yarda da ita ɗari bisa ɗari, ni ma a ƙarƙashin ɗaya nake kasa goro. Amma Injiniya, ka ce ware fili ba ya cin kuɗi. Filin na wa? Akwai ƙasar da ba ta da mai ita a bakin gari? Gonar wani ce, gadon marayu ne. Za a karɓe wa talaka gona a ce yara za su yi ƙwallo?

Injiniya_Garwa:
Alhaji tambayarka tana kan hanya. Ban ce kyauta ba ne, na ce yau ne ya fi araha. Kuma hanyar da ta fi adalci ita ce a lokacin yanka fuloti. Mai kadada 10 da zai yanka ya sayar, ai dole ya bar hanyoyi, ba wanda yake kiran wannan ƙwace. Haka za a sa wurin makaranta da filin wasa cikin sharaɗin amincewa da yankan fulotin. Shi ma bai faɗi ba, fulotin da yake kallon fili mai itatuwa ya fi tsada. Matsalar ita ce yawancin yankan da ake yi a ƙananan garuruwa ba ya bi ta meri sam, tsakanin mai gona da mai saye da shaidu ake gamawa.

Ɗan_Jauro:
Na san inda maganar nan za ta gangaro, kan sarakuna. Kafin a ce jauro, wato mai unguwa, shi ne yake sayar da filaye, a san cewa yawanci magada ne suke zuwa da kansu. Uba ya rasu, 'ya'ya goma, kowa yana son rabonsa a hannu, wani zai yi aure, wani zai sayi mashin ya yi haya. Jauro shaida kawai yake. Amma ina tabbatar muku, in lamido ya tara lawanai da jauro-jauro ya ce kowace unguwa ta nuna wuri guda da ba za a taɓa ba, maganar za ta fi takardar ofis nauyi a kunnen mutane. Kuma a kwamitin da yake duba neman titir, wanda sufurefe, wakilin gwamnati a gunduma, yake shugabanta, ai sarkin wurin da dattawansa biyu suna ciki. In sun san filin na jama'a ne, a nan za su tare. A haɗa biyun, fada da meri. Ɗaya ba ya yi sai da ɗaya.

Malam_Na_Islamiyya:
Ina bin muhawarar tun farko. Tsorona guda ne kuma ba zan ɓoye ba: wurin da aka kewaye aka sa kujeru aka bar shi ba mai tsaro, da magariba ta yi ya zama matattarar masu shan tiramol da abin da ya fi haka muni. Iyaye za su hana 'ya'yansu zuwa, sai a ce an yi asarar kuɗi. In za a yi, a yi shi a fili inda ido yake gani ta kowane gefe, kada a yi doguwar katanga, a sa fitila mai aiki da hasken rana, a sa dattijo mai gadi wanda unguwa take jin nauyinsa.

Sannan ga shawara. Filin idi sau biyu ake cika shi a shekara. Me zai hana a dasa itatuwa a kewayensa, a bar yara su yi wasa a wani gefe da sharaɗin tsabta? Na biyu, muna da waƙafi a addini. Mai hali yana gina masallaci na uku a layi guda, alhali zai iya sayen fili ya tsayar da shi don jama'a. Ya tabbata a hadisi cewa Musulmin da ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. Mu masu wa'azi ya kamata mu riƙa faɗin wannan a mumbari.

Yar_Ngaundare:
Tun ɗazu ƙwallo, ƙwallo, ƙwallo. 'Yan mata fa? Iyayenmu suna ba mu labarin dandali, gaɗa da daren farin wata. Dandalin nan an gine shi, ba a ba mu komai a madadinsa ba. Yarinya in ba a makaranta ta samu ta buga handbal, wato ƙwallon hannu, lokacin wasannin makarantu na FENASSCO ba, shi ke nan. Filin handbal mita 40 ne da 20, ko rubu'in na Koci bai kai ba. Kuma in kuna son mace ta zauna a wuri da 'ya'yanta, sai da bayan gida mai tsabta da ruwa, da gefen da samari ba za su mamaye ba. Mu nan Ngaundare muna da lambun Bois de Mardock, wuri ne mai daɗi, amma wadda take ƙarshen gari da yara huɗu sai ta yi lissafin kuɗin mashin zuwa da dawowa. Ƙananan wurare a cikin unguwa sun fi mana babba guda ɗaya.

Uwar_Biyu:
Allah ya yi miki albarka 'yar'uwa. Bayan gida da ruwa. A rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Coton_Har_Abada:
Ni kuwa ina ganin babba guda ɗaya ya fi. Ku dubi Rumde Ajiya, babban filin wasa na Garwa, bayan gyaran da aka yi masa don gasar Afirka. Janairun 2022 duniya duka ta ga Garwa a talabijin, Najeriya ta ci Masar 1-0 a gabanmu. Gari yana bukatar abin alfahari. Coton Sport, ƙungiyar ƙwallo ta Garwa, da ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka a 2008 ai ba a lungu ta yi ba.

Ɗan_Mubi_a_Garwa:
Kada ka tuna min da filin nan, a nan Tunisiya ta fitar da mu 'yan Najeriya. Har yau ban huce ba.

Coton_Har_Abada:
Ai mun yi muku kara, gari duka ku aka goya wa baya. Mutanen Yola da Mubi sun cika Garwa a makon nan.

Koci_Sanda:
Ku dawo kan magana don Allah. Ɗan'uwa mai Coton, ina ƙaunar Rumde Ajiya kamar kowa, amma yaro ɗan shekara 10 ba ya shiga can ya buga da yamma. Vincent Aboubakar da ya ci ƙwallo 8 a gasar nan, daga Coton Sport ya fita zuwa Faransa, gaskiya ne. Amma kulob ba ya ƙera yaro, tsinto shi yake a filin ƙasa. In filayen unguwa suka ƙare, babban filin ba zai samu wanda zai buga a cikinsa ba. Kuma kuɗin kula da ciyawar irin wannan fili na shekara guda, ƙaramar komin ba za ta iya ɗauka ba.

Tsohon_Konseye:
Na taɓa zama konseye a wata komin, ba zan ambaci sunanta ba. Bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki, don kada ku ɗora wa mer laifin da rabinsa namu ne.

Wa'adin majalisar komin shekara 5 ne. Maɗacin da Mai_Lambu yake magana ba zai yi inuwar kirki cikin shekara 5 ba. Mer yana son abin da zai nuna kafin zaɓe: rumfunan kasuwa, aji biyu, foraj. Wannan ɗabi'ar ɗan Adam ce. Na biyu, kuɗin gini ana iya samu, ko daga FEICOM, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi, ko daga kasafin zuba jari na gwamnati ko abokan hulɗa na waje. Kuɗin kula da abin bayan an gina shi ne babu mai ba ka, daga aljihun komin zai fito kowace shekara, kuma aljihun nan harajin kasuwa da na tasha ne da abin da aka turo daga sama, wanda yakan makara. Shi ya sa kuke ganin lilo ya karye ya shekara a karye.

Na uku, kuma shi ne ya fi damuna. Lokacin da PNDP, hukumar shirin raya ƙasa tare da jama'a, ta taimaka aka rubuta tsarin raya komin, an bi unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye ana tambayar mutane bukatunsu. A tarukan da na halarta ban ji wanda ya ɗaga hannu ya ce filin wasa ba. Waɗanda abin ya shafa, yara da matan aure, ba sa cikin taron. Abin da ba ya cikin tsarin kuwa da wuya ya shiga kasafi. Zaman majalisar komin a buɗe yake ga jama'a, na kasafin kuɗi ana yinsa a ƙarshen shekara, amma kujerun baƙi wayam.

Shawarata, kowane fili a haɗa shi da abin da zai ciyar da shi. 'Yan shaguna uku ko huɗu a gefen titi, hayar ta tafi ga mai gadi da mai ban ruwa, a rubuce, da kwamitin unguwa mai sa hannu. Masu biki su biya su yi amfani da wurin. Amma shiga ta yau da kullum kyauta.

Yar_Ngaundare:
Baba Konseye, shagunan nan ne nake tsoro. Uku suke farawa, bayan shekara biyar sun zama talatin, fili ya koma kasuwa.

Tsohon_Konseye:
'Yata, tsoronki yana da tushe, na ga hakan da idona. Shi ya sa adadin zai shiga cikin takardar da majalisa ta zartar, ba a bakin mutum ɗaya ba. In kina da wata hanyar biyan mai gadi wata 12 a shekara, ina saurare.

Ɗan_Kuseri:
Gaisuwa daga bakin Logon. Abu ɗaya ban ji an ambata ba: ambaliya. Mu nan da maƙwabtanmu na Njamena mun ga abin da ruwa ya yi a 2022, ku ma na yankin Binuwai ba ku manta 2012 ba. Yawancin gidajen da ruwa ya fara ci a kwari aka gina su, inda tun kakanni aka san ruwa yana kwanciya. Irin wannan wuri shi ya fi dacewa da filin wasa. Wata uku ruwa ya zauna abinsa, wata tara yara su yi ƙwallo. Ba a rasa gida ba, ba a rasa rai ba, kuma ƙasar ba ta da tsada tunda ba ta gini ba ce. A bar gaɓar mayo duka ta zama ta itatuwa, saiwa ta riƙe ƙasa kada ruwa ya ci gaba da cinye ta.

Koci_Sanda:
Wata ukun da ka ba ruwa su ne daidai lokacin hutun makaranta da gasarmu. A ba mu ko guda ɗaya a kan tudu.

Mai_Lambu_Figil:
Kuma a duba irin ƙasar. In karal ce, baƙar laka mai tsagewa da rani, ƙafar yaro za ta faɗa cikin tsaga. Ga shi masu dashen masakwa, dawar rani, suna bukatarta. Bakin mayo mai yashi ya fi.

Bazazzagi_a_Yamai:
Ina leƙowa daga Nijar. Ku ɗauki darasi daga gare mu. An fara dasa zoben itatuwa kewaye da Yamai tun 1965, darbejiya ce mafi yawa, manya sun yi aiki na gaske. Da gari ya faɗaɗa sai aka riƙa gutsura, nan fuloti, can gini, don tun farko ba a warware maganar masu gonakin da aka dasa a kansu ba. Itace ya girma, rigimar ƙasa ta girma tare da shi. Abin da Injiniya da Alhaji suka ja a kai ɗazu shi ne gaba da komai, a biya mai gona haƙƙinsa a rufe maganar.

Metir_Buba:
A matsayina na malamin makaranta, akwai filaye da suke nan tuni: harabar makarantun gwamnati da lise, wato sakandare. Da yawa suna da faɗi, kuma daga yamma zuwa safe da duk ranakun hutu a rufe suke ko a yashe. Na san dalilin da ya sa shugabannin makarantu suke ƙin buɗewa, ana fasa tagogi, ana ɓata azuzuwa, wasu ma bayan gida suke mayar da su. Amma in aka yi yarjejeniya a rubuce tsakanin makaranta da ƙungiyar iyaye da kulob ɗin unguwa, Koci ya sa hannu shi ne mai amsa tambaya, ina ganin za a samu sauƙi kafin a kai ga sababbin filaye. Kuma makarantun su ma a yi musu takarda da born, don ana cin gefensu a hankali.

Ɗan_Gidar:
Na gode ƙwarai jama'a. Ni har na so in kawo maganar Kola, wannan kwazazzabon duwatsu na Mayo Luti da baƙi suke tahowa daga nesa su gani alhali yaran gari da yawa ba a taɓa kai su ba, amma a bar shi sai wani zaren. Ga abin da nake gani za mu iya yi da hannunmu: kowa ya duba unguwarsu, duk wani fili da ya rage babu gini, ya ɗauki hoto ya turo nan da kwatance. Mu haɗa jeri, mu kai wa konseye-konseye da fada kafin zaman kasafi.

Ɗan_Jauro:
A'a ɗan'uwa, kada a turo nan! Zauren nan mutum nawa ne a ciki, ka san kowa? Akwai dillalan filaye a cikinmu suna karantawa shiru. Ka jera musu wuraren da suka rage, kafin takardarku ta isa meri sun riga ku wurin magada da kuɗi a hannu. A tura wa mutum biyu ko uku amintattu ta akwatin sirri.

Alhaji_Mai_Goro:
Dillali ma neman halalinsa yake, kada a mai da shi ɓarawo. Ni har yanzu ina kan bakana, ruwa ne farko. Amma in za a haƙa foraj ɗin a gefen filin, mata su ɗiba, itatuwa su sha ragowar, to ku sa sunana, zan ba da buhun siminti na born.

Uwar_Biyu:
To su wa za a tura wa hotunan? Kuma a cikin amintattun nan a sa mace ko ɗaya. Akwai wani fili bayan injin niƙa na unguwarmu, jiya na ga an fara sauke bulo a gefensa.

Injiniya_Garwa:
Hajiya, wanda aka fara sauke wa bulo sai dai a bincika ko duka aka sayar ko rabi. Ki tambayi jauron unguwarku yau, kada ki bari sai an haƙa tushe. Ɗan_Gidar, ka buɗe akwatinka, na turo maka abin da ake bukata a takardar neman a ware fili.